Tafintan Kwamfuta: Tarihin Modem da Kalmomin da Ya Bar Mana

 Ga rubutaccen bayanin shirinmu na tarihi, wanda a wannan karon ya taɓo wata na'ura da ake kira modem. Wasunku sun san ɗan ƙaramin nan mai kama da yatsa da ake soka wa kwamfuta a ƴan shekarun baya. To, yau kakansa za mu yi magana a kai, wanda ake haɗawa da igiyar tarho ta gida, yana buga lamba yana ƙara kamar gyare.

Wani zai ce, ina ruwan mai kiwo da tsohuwar na'urar Turawa? Ruwansa shi ne, yau dillali a kara yana tura hoton sa ga mai saye da ke wata ƙasa, mai kaya yana aika wa direba saƙon murya, ana tura kuɗi ta salula, kuma duk ana biyan data. Kalmomin da ake sayar mana da datar nan da su, irin su megabit da megabayit da saukewa da ɗorawa, yawancinsu a zamanin modem suka yaɗu. Wanda ya san asalinsu ba a cika yi masa rufa-ido ba.

Hanyar da aka gina don murya

Kafin tarho akwai tangaraho. A 1844 Samuel Morse ya aika saƙo ta igiya daga Washington zuwa Baltimore a Amurka, da ɗan taɓi gajere da dogo. A shekarun 1870 wani Bafaranshe, Émile Baudot, ya fito da tsarin da kowane harafi ke da alamomi biyar daidai wa daida. Ku riƙe sunan mutumin nan, za mu dawo gare shi. Sai a 1876 Alexander Graham Bell ya sami rajistar tarho, daga nan igiyoyi suka bazu a duniya.

Abin lura shi ne, don muryar ɗan Adam kaɗai aka shimfiɗa layin tarho. Sauti girgiza ce, kuma layin yana ɗaukar girgizar da ke tsakanin sau 300 zuwa kamar sau 3,400 a sakan ɗaya. Abin da ya yi ƙasa da haka ko ya haura, sai a yanke shi. Ku ɗauke shi kamar burtali tsakanin gonaki: an auna faɗinsa, an kafa iyaka hagu da dama, komai yawan garkenka ta nan za ka bi.

Ita kuwa kwamfuta ba ta da murya. Abu biyu kawai ta sani, akwai wuta ko babu wuta, wato 1 ko 0. Da aka so kwamfutoci biyu na nesa su yi magana, sai aka ga ga hanya shimfiɗe har ƙofar gida, amma mai tafiyar ba ta jin yaren hanyar. Nan aka nemi tafinta. Modem yana karɓar 1 da 0 daga kwamfuta ya mayar da su sauti, sautin ya bi igiya, wani modem a can ya saurara ya sake mayar da shi 1 da 0. Sunansa ma daga farkon kalmomi biyu na Turanci aka harhaɗa shi, ɗaya mai nufin mayar da lamba sauti, ɗaya mai nufin dawo da ita.

Soja ne suka fara buƙatarsa da yawa. A shekarun 1950 Amurka ta kafa tsarin tsaron sama mai suna SAGE, inda tashoshin hango jirage ke aika bayani ga manyan kwamfutoci ta layin tarho. Daga wannan aiki kamfanin tarho na AT&T ya fitar da Bell 101 a ƙarshen shekarun 1950, sannan a 1962 ya fitar da Bell 103, wanda ya daɗe ana koyi da shi. Dabararsa mai sauƙi ce. Mai kira yana da sauti biyu, mai girgiza 1,270 na nufin 1, mai 1,070 na nufin 0. Mai amsawa shi ma yana da nasa biyu, 2,225 da 2,025. Tunda muryar kowa daban, suna iya magana lokaci ɗaya ba tare da sun rikita juna ba, kamar titi mai hannu biyu.

Bit, bayit da bod

Bit shi ne ƙwaya ɗaya, ko 1 ko 0. Bit takwas su ne bayit ɗaya, wanda yake kamar mudun da ake auna harafi da shi. A 1963 aka fitar da jadawali mai suna ASCII da ya ba kowane harafi lamba, misali babban A lambarsa 65. Jadawalin nan don Turancin Ingilishi aka yi shi, shi ya sa babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ a cikinsa. Sai da babban jadawalin Unicode ya zo, daga 1991, haruffanmu masu lanƙwasa suka sami gurbi na dindindin.

Modem na farko ba ya tura bayit tsirara. Yakan sa bit ɗaya a gaba, kamar sallama, ya sa ɗaya a baya, kamar sai an jima. Ke nan kowane harafi yana cin bit goma. Bell 103 yana tura bit 300 a sakan, wato haruffa 30. Mai karatu yana iya bin rubutun da ido yana fitowa a allo. Hoton sa guda na salular yau, a ce mai nauyin bayit miliyan biyu, da zai ci fiye da awa 18 a kan wannan layi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, amma fa a nan kowane minti kuɗi ne.

Sai kalmar bod, wadda aka ciro daga sunan Baudot. Mutane da yawa sun riƙa haɗa ta da bit, alhali ba ɗaya ba ne. Bod shi ne sau nawa sautin ke canzawa a sakan, bit kuwa yawan bayanin da aka ɗauko. A ce jaki ne ke jigila tsakanin kasuwa da gida: bod shi ne sawun da ya yi, bit shi ne buhunan da ya kai. A modem mai 300, kowane sawu buhu ɗaya ne, don haka lissafin ya zo ɗaya. Da aka zo modem mai 2,400 a 1984, sawun 600 ne kawai a sakan, amma kowane sawu da buhu huɗu. Tunda ba a iya faɗaɗa burtali, sai aka koyi ƙara wa jaki kaya. Ci gaban modem daga nan ya tafi ne a kan wannan dabara da kuma ƙara yawan sawu.

Wa ke da hanya?

A Amurka ta wancan lokaci, igiya ta AT&T ce, kan tarhon da ke ɗakinka ma nasa ne, haya kake yi. Doka ta hana ka haɗa wata na'ura da ba tasa ba. Sai masu dabara suka ƙera wani akwati mai kofuna biyu na roba. Ka buga lamba da hannunka, idan ka ji ƙara daga can, sai ka kifa kan tarhon a kan kofunan, ɗaya yana yi masa magana, ɗaya yana saurare. Ba a taɓa igiya ba, balle a ce an karya doka. Illarsa ita ce, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai rubutu ya lalace.

Wani mutumin Texas, Thomas Carter, ya ƙera na'ura mai suna Carterfone da ke haɗa rediyon oba-oba da layin tarho, don masu aiki a filayen man fetur su iya kiran gari. Kamfanin ya hana, shi kuma ya kai ƙara. A 1968 hukumar sadarwa ta Amurka ta yanke hukunci cewa kowa na iya haɗa na'urarsa, muddin ba ta cutar da layin. Wannan hukunci ne ya buɗe kasuwa, ƙananan kamfanoni suka shigo, farashi ya fara sauka.

A 1981 kamfanin Dennis Hayes ya fitar da Smartmodem, wanda ke buga lamba da kansa kuma ya kashe da kansa. Kwamfuta tana ba shi umarni da gajerun kalmomi da duk suke farawa da AT, wato kamar ka ce wa yaro “kai, saurara”. ATDT da lamba na nufin buga wannan lamba, ATH na nufin ajiye waya. Shi kuma yana ba da amsa a allo: OK idan ya ji, BUSY idan layin na kan aiki, CONNECT idan an haɗu. Wadda aka fi tsana ita ce NO CARRIER. Muddin ana haɗe, akwai wani sauti da ke gudana ba ya yankewa, shi ne ke goye da saƙon, ana ce masa sautin dako. Idan ya ɗauke, zance ya ƙare, sai a sake bugawa a sake biya.

Musabaha

Duk wanda ya yi zamanin nan ba ya manta ƙarar haɗuwa. Da farko a ji sautin layi, sai sautin lambobi, sai ringin, sai wani dogon fito daga can, sannan ƙara iri-iri kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano, sai kuma tsit. Masana sun kira wannan musabaha, kuma sunan ya dace.

Abin da ke faruwa ciniki ne. Kamar yadda Bahaushe da Bafulatani da Bazabarme kan haɗu a kara su fara lalubo yaren da kowa ke ji kafin a shiga maganar kuɗi, haka modem biyu ke tambayar juna: wane tsari ka iya, gudu nawa kake yi? Sababbin ciki har layin suke gwadawa, su tura sauti iri-iri su ji wanne ya isa lafiya, wanne ya shaƙe. Daga nan su tsaya a kan gudun da dukansu biyu da layin za su iya ɗauka. Idan naka sabo ne mai tsada, na can tsoho ne, to da gudun tsohon za a tafi. Ayari ba ya wuce raƙumin da ya fi rauni.

Don a sami yare ɗaya tsakanin ƙasashe, hukumar sadarwa ta duniya da ke Janeba, wadda aka kafa tun 1865 saboda tangaraho, ita ke fitar da ƙa'idoji masu farawa da harafin V. Irin wannan yarjejeniya kan wa zai fara magana, da yadda za a amsa, da abin da za a yi idan an sami kuskure, ita ake kira furotokol, wato ƙa'idar zance.

Ƙirga kaya a wurin sauka

Layin tarho yana da hayaniya. Tsawa, ruwa a cikin igiya, ko wani ya ɗaga ɗayan kan tarhon a ɗaki na gaba, duk suna iya juya 1 ya koma 0. Kunnen mutum yana cike gurbi da kansa, amma kwamfuta ba ta yi. Lamba ɗaya ta canza a takardar kuɗi, ai an shiga uku.

Maganin farko shi ne bit na tantancewa. Mai aikawa yana ƙirga 1 nawa ne a harafin, ya ƙara bit ɗaya don adadin ya zama cika, ba mara ba. Idan mai karɓa ya ƙirga ya ga mara, ya san an yi ɓarna a hanya. Kamar makiyayin da ya san garkensa bibbiyu suke shiga ba saura: idan ɗaya ta ɓata zai ga wata ta tsaya ita kaɗai, amma idan biyu suka ɓata ba zai lura ba. Wannan rauni ne ya sa da yawa suka bar shi, suka koma saitin da ake rubutawa 8-N-1, wato bit takwas na saƙo, babu na tantancewa, ɗaya na rufewa.

Magani mai ƙwari ya zo a 1977 daga wani mutumin Chicago, Ward Christensen, da tsarin da aka sani da XMODEM. Ana yanka saƙo ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi bayit 128, a rubuta masa lambar jeri, a haɗa jimillar abin da ke ciki a liƙa a bayansa. Kamar buhu ne mai lamba da nauyinsa rubuce a jiki. Mai karɓa ya sake aunawa. Idan ya yi daidai ya ce “na karɓa”, a turo na gaba. Idan bai yi ba ya ce “sake”, a sake turo wannan buhun kaɗai. Lambar jerin tana da wani amfani babba: wani lokaci buhu ya isa lafiya, amma “na karɓa” ɗin ce ta ɓata a hanya. Mai aikawa zai sake turowa, mai karɓa ya duba lamba ya ga ai yana da wannan, ya ajiye shi gefe. Ku riƙe wannan ma, yana da alaƙa da aljihunku.

A 1986 Chuck Forsberg ya fitar da ZMODEM, wanda ba ya tsayawa jiran amsa bayan kowane ƙunshi, kuma idan layi ya yanke a tsakiya, yana ci gaba daga inda aka tsaya. Ga mai biyan kuɗin kira minti-minti, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Allon sanarwa da ayarin dare

A watan Janairun 1978 ƙanƙara ta rufe birnin Chicago, mutane suka kasa fita. Christensen da abokinsa Randy Suess suka yi amfani da zaman gidan suka haɗa kwamfuta da modem da layi ɗaya, suka bar ta kunne dare da rana. Ranar 16 ga Fabrairu 1978 ta fara aiki. Kowa na iya bugowa ya karanta abin da wasu suka bari, ya bar nasa. Suka kira ta allon sanarwa na kwamfuta, a taƙaice BBS. Mutum ɗaya ke shiga a lokaci guda, saura su yi ta jin layi na kan aiki, kamar rijiya mai guga ɗaya. Irin waɗannan alluna sun kai dubbai a shekarun 1980 da farkon 1990, kuma a nan talakawa suka saba da kalmomi biyu: saukewa, wato jawo abu daga can zuwa naka, da ɗorawa, wato tura naka zuwa can.

Faransa ta bi tata hanya. Daga 1982 hukumar tarhonta ta raba wa gidaje wata ƴar na'ura mai allo, Minitel, don duba lambobin tarho da sayen tikitin jirgin ƙasa da sauransu. Tana saukewa da bit 1,200 a sakan, amma tana ɗorawa da 75 kacal, bisa lissafin cewa abin da mutum ke karantawa ya fi abin da yake bugawa da yatsa. Wannan rabo na rashin daidaito yana nan har gobe.

Kiran nesa yana da tsada, don haka a 1984 Tom Jennings ya fara FidoNet. Maimakon kowa ya kira nesa da kansa, sai allon garinku ya tara saƙonnin yini, ya matse su, da tsakar dare lokacin da kira ke da araha ya buga wa allo na gaba ya sauke masa, ya karɓo naku. Shi ma wancan ya miƙa gaba. Ana kiran wannan ajiye-ka-miƙa. Duk wanda ya san yadda ayari ke tafiya zango-zango, ko yadda ake ba direban motar kasuwa wasiƙa ya bar ta wurin mai shago a tasha, ya riga ya fahimce shi. Saƙo na iya kwana ɗaya ko biyu a hanya, amma yana isa.

Tseren gudu da inda ya tsaya

Daga 2,400 aka tafi 9,600, sai 14,400 a 1991, sai 28,800 a 1994, sai 33,600 a 1996. Hoton nan da ya ci awa 18, a kan 9,600 ya dawo kamar minti 35. Amma tun 1948 wani masanin lissafi, Claude Shannon, ya nuna cewa kowace hanya tana da iyakar abin da za ta ɗauka, gwargwadon faɗinta da yawan hayaniyar da ke cikinta. Layin murya ya kusa cika a nan.

Tsalle na ƙarshe, 56,000, ya samu ne saboda a lokacin cibiyoyin tarho sun riga sun koma aiki da lambobi a tsakaninsu, saura ɗan guntun igiyar da ke zuwa gida. A 1997 kamfanoni suka rabu gida biyu, masu x2 da masu K56flex, kuma na wannan ba ya jin na wancan a wannan gudu. Masu saye suka rasa na kamawa, sai da hukumar Janeba ta haɗa su a kan V.90 a 1998. Ko a nan, 56,000 ɗin na saukewa ne kawai, ɗorawa ba ta wuce 33,600, kuma da wuya a ga layin da ya kai adadin da aka rubuta a kwali.

Yadda ya iso yankinmu

A nan matsalar ta fara tun daga igiyar. Layukan da aka gada daga Turawan mulki sun fi fuskantar Turai, har ya zama kira tsakanin ƙasa rainon Faransa da maƙwabciyarta rainon Ingila yakan zaga ta Paris ko Landan kafin ya dawo. Layukan kuma kaɗan ne. A Najeriya, zuwa shekarar 2000, masu aiki ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan ɗari. Ƙauye da ruga kuwa ba a ma zancensu.

Saboda haka tsarin ajiye-ka-miƙa ne ya fara kawo wasiƙar kwamfuta. Daga 1989 cibiyar bincike ta Faransa da ake kira ORSTOM ta kafa hanyar RIO, wadda ta haɗa ofisoshinta na birane irin su Dakar da Bamako da Wagadugu da Yamai da Yawunde da birnin Montpellier. A farkon shekarun 1990 kuma ƙungiyoyi masu zaman kansu a ƙasashen Afirka da dama sun yi amfani da Fido, inda wata cibiya a Landan mai suna GreenNet ke musayar saƙonni da su ta gajeren kira. Minti kaɗan sun isa a kwashe wasiƙun mutane da yawa.

Cikakken intanet ya iso Gana a 1995. Najeriya ta fara ba kamfanonin intanet lasisi a 1996, Nijar ma ta shiga a ƙarshen shekarun 1990 ta hannun kamfanin tarho na gwamnati. Sai shagunan intanet suka buɗe a manyan birane, inda kwamfutoci da yawa kan raba layi ɗaya, mutum ya biya kuɗin awa ya zauna yana kallon shafi na sauka kaɗan-kaɗan. Manyan ƴan kasuwa kuwa sun daɗe da modem ba su sani ba, domin na'urar fakis da suke aika takardun kaya da ita, modem ne a cikinta.

Zamanin bai daɗe a wurinmu ba. A watan Agustan 2001 salular GSM ta fara aiki a Najeriya, maƙwabta ma a ƴan shekarun nan, kuma cikin ƙanƙanin lokaci ta kai inda igiya ba ta taɓa zuwa ba. Yawancin makiyaya da ƴan kasuwar iyaka sun tsallake zamanin igiya ɗungurungum. A can ma ya shuɗe: Faransa ta rufe Minitel a 2012, kamfanin AOL na Amurka ya daina hidimar bugo layi a ƙarshen Satumban 2025.

Abin da ya rage a aljihunka

Modem dai bai mutu ba, ya shige cikin salula ne, yana mayar da 1 da 0 igiyar rediyo maimakon sauti. Har umarnin AT na Hayes yana nan ana aiki da shi a ciki. Ga inda tsofaffin kalmomin ke taɓa mu.

Na ɗaya, gudu da bit ake tallarsa, data kuwa da bayit ake sayar da ita. Ƙaramin b bit ne, babban B bayit ne. Idan an ce maka layi na gudun megabit 8, to megabayit ɗaya yake saukewa a sakan, idan ma ya kai.

Na biyu, dubi harafin da ke saman allo kusa da sandunan rezo, ko sabis kamar yadda ake cewa a ɗaya gefen iyaka. Idan G ne, gudunka kusan ɗaya ne da na modem ɗin ƙarshe. Idan E ne, ya ɗan ninka shi kaɗan. A irin wannan wuri rubutu ya fi saurin wucewa, sai murya, sai hoto, bidiyo kuwa sai an shiga gari. Kuma tura hoto ya fi karɓarsa wuya, tunda har yau hannun ɗorawa ya fi ƙunci.

Na uku, gajeren saƙo na tes yana ɗaukar haruffa 160, amma a yawancin wayoyi da ka sa ƙ ko ɗ guda ɗaya sai ya koma 70, a caje ka kuɗin saƙo biyu ko uku. Gadon wani tsohon jadawali ne da shi ma bai san da mu ba.

Na huɗu, a bakin iyaka salula tana iya musabaha da eriyar ƙasar maƙwabta idan ta daina jin ta ƙasarku, kuma kuɗin can daban ne. Mai zama kusa da iyaka ya sa a saita masa wayar ta riƙa zaɓen layi da hannu.

Na biyar, alamar maki ɗaya a WhatsApp tana nufin saƙonka ya isa zango ne kawai, bai shiga wayar mutumin ba sai ka ga biyu. Kada ka ɗora shanu a mota bisa maki ɗaya. Haka idan kana tura kuɗi layi ya yanke kafin amsa ta zo, tuna da buhun nan da ya isa amma “na karɓa” ta ɓata a hanya. Duba abin da ya rage a asusunka, ko ka kira mai karɓa, kafin ka sake turawa, domin sabon turi sabon ciniki ne, ba mai ajiye maka shi gefe.

A nan za mu dasa aya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a ruga ko a rumfar kasuwa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare dukiya, ya kiyaye hanya. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, mu kasance lafiya.